Ranar da Na Ɗauke wa Ƙofar Kware Wuta

'Ya'yana, na san kun sha jin wannan magana a bakin mutane, na kuma san yadda ake ba da ita. Ana cewa ubanku ya yi wa yayansa alkawarin wuta, ya bari sai da ya cika ɗakin sanyi da naman Sallah, sannan ya ɗauke wutar da hannunsa ya bar wa manyan gari tasu. Alkawarin gaskiya ne, na yi shi. Hannuna kuma shi ya ja makunnin. Sauran maganar ce ban taɓa zaunar da ku na warware maku ba, don ba ta faɗuwa sai an haɗa da labarin Malam Haliru, ni kuwa a da in na ɗauko zancensa ba na iya kai shi ƙarshe. Yanzu na ajiye aiki, ga lokaci, gara in rubuta tun hankalina yana tare da ni.

Kun san gidanmu na Ƙofar Kware gidan fawa ne tun kakanni. Da Baba ya rasu, Yaya Altine ne ya gaji wuƙa, shi ya riƙe gida, shi ya riƙe Inna, shi kuma ya tsaya kai da fata sai na yi makarantar koyon sana'a, wai hannuna ya fi dacewa da waya a kan nama. Da haka na zama ma'aikacin wutar lantarki, har aka kai ni babbar tashar rarraba wuta da ke bayan gari. Aikina shi ne zama gaban allon mitoci, in lura da nauyin da kowane layi yake ja, in ɗauke wa wannan unguwa in ba waccan bisa jadawali. Manyan taransifoma biyu ne ke ɗauke da wannan ɓangare na gari. Wadda ta daɗe muna ce mata Tsohuwa, wadda aka kawo daga baya muna ce mata Amarya, ko da yake ita ma a lokacin ta kwana biyu.

Malam Haliru shi ne babban injiniyan tashar. Ɗan gidan malamai ne na Ƙofar Dundaye, kuma har ya yi furfura bai bar ba da karatu a zauren gidansu bayan asuba ba, sai ya rufe littafi sannan ya sa hular kwano ya taho aiki. Gajere ne, siriri, murya ƙasa ƙasa. Ban taɓa jin ya daka wa wani tsawa ba, amma in ya yi shiru yana kallon mita, kowa a ɗakin yakan rage magana. Yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya a bayan idonsa: kowace safiya sai ya zagaya ya ɗora tafin hannunsa a jikin Tsohuwa, ya karkata kai yana sauraren gurnaninta, kamar yadda Yaya Altine yake shafa ƙugun bijimi a Kara, kasuwar shanu, kafin ya taya.

Shekarar da nake ba ku labari, azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Zafin Sakkwato kun san shi, amma na waccan shekara har tsofaffi sun yi maganarsa. Duk mai fanka ya kunna, duk mai firji ya cika shi da ruwa, masu ƙanƙara ba sa kashe injinansu. Kullum da azahar injinan gidan ruwa sukan tashi gaba ɗaya, kuma in sun tashi allurar da ke nuna ƙarfin wuta takan faɗi kaɗan, sannan ta koma inda take. Abu ne da na gani sau dubu ban kula ba. Wata rana a farkon azumi Malam ya kira ni, agogonsa a hannu.

"Ummaru, taho ka gani. Kak ka dubi inda allura take tsaye. Dubi ƙaƙa take komowa in an ture ta."

Injinan suka tashi, allura ta faɗi, ta dawo. Na ce masa lafiya lau, ga ta nan ta koma.

"Ta koma," in ji shi. "Amma watan jiya kahin in ƙirga ukku ta koma. Yau sai da nik kai bakwai."

Na ce ai ba ta kusa da jan layi, wato alamar haɗari da ke jikin mitar. Sai ya ja kujera ya zauna, ya ba ni labarin rijiyar gidansu.

"Shekarar da za ta ƙahe, ba rana guda ta ƙahe ba. Da hwarko ana ɗiba da sahe, kahin azahar ta kawo. Sannan ta koma sai la'asar. Sannan sai ta kwana. Duk wanda ya leƙa shina ganin ruwa, shi ce lahiya lau. Babana ɗai ya lura da jinkirin, ya sa anka nemo masu haƙa tun da sauran ruwa. Wuta ma haka take. In ta kusa kasawa, ba ta hwaɗa maka da baki. Sai dai ta riƙa jinkirin murmurewa."

Ya yi mani bayani yadda zan gane. In ƙarfin wuta ya ragu, injin firji da na famfo ba sa haƙura, sai su ƙara ja don su cike giɓin. Jan da suka ƙara shi ke sake rage ƙarfin, ragin kuma ya sa su ƙara ja. Akwai wurin da in aka wuce shi, abin zai riƙa ciyar da kansa, ba mai iya tsayar da shi. Tsohuwa za ta ƙone, nauyinta duka ya faɗa kan Amarya, ita ma ta bi ta cikin ɗan lokaci. Irin waɗannan taransifoma kuwa ba a kasuwa ake sayo su ba. In sun tafi, gari zai yi watanni yana jira. Daga ranar nan ni ma na fara ƙirga. Tsakiyar azumi muka kai goma. Man da ke sanyaya cikin Tsohuwa, wanda a da kafin gari ya waye ya huce, ya koma muna tarar da shi da ɗumi tun da sassafe.

Malam ya rubuta wa manaja takarda har sau uku. Manajanmu Bakano ne, matashi, kuma ba mugun mutum ba ne, ina so ku riƙe wannan. Shi ma daga sama ake matsa masa, jama'a kuma sun gaji da ɗauke wuta cikin azumi. Ina tsaye ya ce wa Malam:

"Malam, na karanta, kuma ina girmama ka. Amma ni lamba zan nuna wa na sama da ni. Allura ba ta taɓa ja ba. Me zan ce masu? In ce tana dawowa a hankali?"

"Haka za ka ce masu, ranka shi daɗe," in ji Malam. "Shi na gaskiya."

Ba a ɗauka ba. Maimakon haka sai umarni ya zo cewa kwana ukun ƙarshe na azumi ba za a ɗauke wa kowace unguwa wuta ba, don jama'a su yi shirin Sallah cikin sauƙi. A nan na yi kuskuren da yake nawa ni kaɗai. Ranar Juma'a da hantsi na shiga gaida Inna, na tarar da Yaya Altine a ɗakinta yana ƙorafin janaretan ɗakin sanyinsa da ya lalace, mai gyara kuma ya ce sai bayan Sallah kayan za su iso. Yana tunanin ya rage yanka. Ni kuwa ina so in nuna masa karatun da ya ɗauki nauyinsa bai tafi a banza ba.

"Yaya, yanka abinka," na ce. "Umurni ya zo. Kwana ukku ba a taɓa layinmu."

"Ka tabbata, Ummaru? Shanu bakwai na ba kaji ba."

"Da idona nig ga takardar."

Na san ƙirgar da muke yi a tasha. Na san abin da Malam yake tsoro. Amma na zaɓi in yarda da takarda, don ita ce ta yi daidai da abin da nake so in faɗa. Inna ta sa mana albarka, Yaya ya tashi ya tafi Kara.

Ana saura kwana biyu Sallah, ni ke kan allo. Tun hantsi zafin man Tsohuwa ya kai inda ya saba kaiwa da azahar. Malam ya zagaya ya dawo, ya kira manaja a waya. Manaja yana wurin taro a cikin gari, ya ce a dakata ya zo. Malam ya ajiye wayar, ya nufi allo da kansa ya ɗauke layin Ƙofar Dundaye. Unguwarsa ke nan. A gidan nan mahaifiyarsa tana kwance, tsohuwa tukuf, fanka ce kawai ke sa ta iya runtsawa. Ya kira gida ya ce a jiƙa zane a rufa mata, a fito da ita rumfa. Allura ta ɗan ɗaga, muka yi ajiyar zuciya.

Da azahar injinan gidan ruwa suka tashi. Allura ta faɗi. Muka fara ƙirga tare, shi da agogo, ni a zuci. Goma. Sha biyar. Ashirin. Ba ta koma ba. Ta tsaya ƙasa da mazauninta tana rawa, ta ɗan hau, ta sake zamewa. Fitilun ɗakin suka yi ja. Daga waje gurnanin Tsohuwa ya sauya, ya yi kauri, har ana jin sa a tafin ƙafa. Duk da haka allurar ba ta kai jan layi ba. In da baƙo ya shigo ya duba, da ya ce da saura.

Layuka biyu suka rage masu nauyi. Ɗaya shi ne wanda asibiti da gidan ruwa suke kai, kuma a kansa gidajen manyan ma'aikata suke, ba yadda za a raba su. Daga nan ne maganar da kuka ji ta samo asali. Masana'antar siminti ta Kalambaina ba ta kanmu, tana da nata tsari. Ɗaya layin shi ne na Ƙofar Kware, mai ɗauke da masu ƙanƙara, injinan niƙa, da ɗakunan sanyi na mahauta. Malam ya sake kiran manaja. Ina jin muryarsa ta wayar yana cewa don Allah a ba shi rabin awa, kada a taɓa komai.

"Ba mu da rabin awa, ranka shi daɗe," in ji Malam. "Za ni ɗauke. Ka rubuta sunana."

Ya juyo ya dube ni. Ya san gidanmu, ya san Yaya Altine, ya kuma san alkawarin da na yi, don na faɗa masa.

"Ummaru, hita ka sha iska. Ni za ni ja."

Na so in fita. Ƙofa tana nan kusa, kuma da na fita da yau ba na wannan rubutu. Amma allon nawa ne a ranar, kuma ni ma na ƙirga ashirin ɗin nan, ba gaya mani aka yi ba. Na ga in na bar dattijon nan ya ɗauki abin shi kaɗai, bayan ya fara da gidan uwarsa, ba zan ƙara iya kallon idonsa ba. Na yi bisimilla na ja makunnin.

Allura ta yi kamar ba za ta motsa ba, sannan ta fara hawa a hankali. Gurnanin ya lafa. Malam ya zauna, ya cire hular kwano.

"Kira yayanka yanzu," ya ce. "Kak ka bari shi ji ga wani. Ka ce mai shi hidda naman, kak shi jira."

Na kira. Yaya ya tambaye ni awa nawa za a yi. Na ce ban sani ba. Ya kashe wayar.

Wutar ba ta koma ba sai washegari bayan la'asar. Sau biyu muka gwada mayarwa, sau biyu allura ta nuna ba ta shirya ba, Malam ya ce a sake ɗaukewa. A unguwa, 'yan uwa da maƙwabta sun yi abin da za su iya. An fito da naman, maza suna yanyankawa, mata suna shanya a kan tabarmi da rufin kwano don a yi kilishi, an raba wani, an sayar da wani a wulaƙance. Amma shanu bakwai sun fi ƙarfin hannu a zafi irin wannan. Na can ƙasan tari ya canja launi, aka kai shi bayan mayanka aka binne. Masu gidajen abinci da suka shekara goma suna karɓa a hannun Yaya suka koma wurin wasu, waɗansu ba su dawo ba har yau.

Ranar Sallah na shiga ɗakin Inna da sabbin kaya a jikina, kunya kamar ta kashe ni. Yaya yana zaune. Na fara bayani, na kawo maganar allura, na kawo maganar asibiti. Ya bari na gama.

"Mi ya ƙone?" ya ce.

"Ba abin da ya ƙone, Yaya. Don haka munka ɗauke."

"To. Don abin da bai ƙone ba, ni kunka ƙone."

Ya tashi ya fita. Inna ta dube ni.

"Ummaru, abu guda za ni tambayar ka. Wani ya ba ka wani abu?"

"Wallahi Inna ba wanda ya ba ni komi."

"To zauna ka ci tuwo. Yayanka kuma ka ba shi lokaci, ciwo shika ji."

Wannan ita ce wahalar aikin irin su Malam Haliru, kuma sai a lokacin na gane ta. In ka bari abu ya ƙone, kowa zai ga hayaƙi ya ce ƙaddara ce. In ka hana shi ƙonewa, ba abin da za ka nuna wa mutane sai asarar da ka jawo masu. Bayan Sallah aka ba Malam takardar tuhuma kan saɓa umarni. A amsarsa ya rubuta cewa shi ya ba da umarni, ni bi kawai na yi, duk da na roƙe shi ya bar sunana a ciki. Aka mayar da shi wata ƙaramar tasha a ƙauye, mutumin da ya fi kowa sanin wutar garin nan. Ranar da zai tafi ya zagaya ya yi sallama da kowa har masu gadi, ya miƙa mani agogonsa ya ce in ci gaba da ƙirga. Ko kalma ɗaya ta ɓacin rai ban ji daga bakinsa ba.

Da damina ta sauka nauyi ya ragu, aka turo injiniyoyi daga nesa su duba Tsohuwa. Ina wurin aka zuƙe man aka buɗe ta. Takardar da ke naɗe da wayoyin cikinta, wadda ya kamata ta kasance ruwan ƙasa mai ƙwari, ta yi baƙi ƙirin, in ka taɓa sai ta ruɓushe a yatsa. Babbansu ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambayi wanda ya rage mata nauyi a bazara, ya ce ko wane ne a gode masa. Manaja ya fito da waya a gabanmu ya kira Malam ya ba shi haƙuri, kuma na ga girmansa a ranar. Sai dai takardar canjin wuri ba ta hannunsa, ba a janye ta ba, a can ƙauyen Malam ya ƙarasa shekarunsa na aiki. Daga baya an kawo na'ura mai auna wannan jinkiri da kanta, tana ƙara in ya yi yawa. Yaran injiniyoyin yanzu suna da sunan da suke kiran abin da Turanci, suna mamaki in na ce masu akwai wanda yake yi da agogon hannu.

Na ƙunso ɗan ɓarɓashin takardar nan na kai wa Yaya Altine a rumfarsa, ina ganin yanzu zai gane. Ya duba, ya mayar mani, ya ce shi bai san wannan ba, nama ya sani. Shekara biyu muka yi daga gaisuwa sai gaisuwa. Ku da 'ya'yansa kuka daina shiga ɗakunan juna, kuma laifin wannan namu ne, ba naku ba.

A shekara ta uku Malam ya dawo gida ba lafiya. Ya aiko a ce in zo, in taho da yayana. Yaya ya ce ba shi da abin yi a can. Inna ce ta ce masa malami dattijo ba ya kira a ƙi zuwa, ko da faɗa za a yi. Na ɗauke shi a babur da hantsi, ba mu ce wa juna uffan ba har Ƙofar Dundaye. Muka tarar da Malam a zaure, jingine da bango, ya rame ƙwarai. Bayan gaisuwa ya sa aka matso da Yaya kusa da shi. Na ɗauka bayanin allura zai yi masa, don ya fi ni iyawa. Bai yi ba. Ya tambaye shi shanu nawa ne, daga ina aka kawo su, wa da wa suka bar saye a wurinsa. Yaya yana amsawa a taƙaice, sannan ya fara sakin jiki, har ya ba shi labarin wani farin sa da ya yi kwana uku yana zawarci a Kara. Malam yana saurare har ya gama.

"Alhaji Altine," ya ce, "ba ni yi maka ƙarya. In anka maido ni ranar nan, abin da niy yi shi za ni yi. Amma gaskiyata ba ta maido maka guminka ba. Kai ka biya wa gari abin da gari bai san ka biya ba. Sannu da hasara. Ka yahe mani."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya shiga murza bakin rigarsa.

"Malam," ya ce, "shekara biyu kowa na hwaɗa mani kuna da gaskiya. Ba wanda ya ce mani sannu sai kai. Na yahe. Allah shi ba ka lahiya."

Maganar nan ba da ni ya yi ta ba, amma ni ta sama. Na tuna duk zuwan da na yi wurinsa, da bayani nake zuwa, da hujja nake zuwa, ban taɓa zuwa da ta'aziyyar abin da ya rasa ba, ni da na ce masa ya yanka. Malam bai ƙara wata guda ba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Yaya Altine yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Amma a ranar da muka je wurinsa, da muka fito, na tayar da babur muka kama hanyar gida. Mun wuce kasuwa, mun kusa shiga unguwa, na rage gudu, na ce ba tare da na juya ba:

"Yaya, ni na ce ka yanka. Sannu da hasara."

Sai na ji ya ɗora hannunsa a kafaɗata ya riƙe.

"Dubi gabanka, Ummaru," ya ce. "Ka biya ta gida, Inna na jiranmu."